Muryar Mama a Tsohon Faifai

Wata Asabar ce ta ƙarshen watan Oktoba, ana yayyafi mai ratsa ƙashi, Corinne Dudek ta turo ƙofar ɗan shagon kwamfuta da ke kan titin Lagrange. Ko shuɗiyar rigar aikinta ta gidan kula da tsofaffi ba ta cire ba, ga wata takarda a dunƙule a hannunta.

Saurayin da ke bayan kanta ya ɗago kai. Ramiro Salcedo ke nan, dogo mai sanyin magana, da ɗan tabon ƙunar dalma a babban yatsansa. Ya yi mata sannu da zuwa. Ita kuwa ko amsawa ba ta yi ba, ta shimfiɗa takardar a gabansa kamar mai kawo ƙara.

Ta ce, "Dala ɗari bakwai gare ni, ba ƙari. So nake in haɗa kwamfutar gem da hannuna. Ga kayan da na zaɓa. Kuma kar ka yi min dariya."

Ya karanta har ƙasa. Bai yi dariya ba, amma fa gefen bakinsa ya sha wahala.

"Baiwar Allah, katin hoton nan shi kaɗai ya lashe ɗari biyar. Sauran kayan kuma addu'a za mu yi su faɗo daga sama?"

"Ai an ce katin hoto shi ne komai."

"In ji wa?"

"Mutanen intanet."

"Mutanen intanet ba su za su zo kashe gobara a gidanku ba. Kin ga akwatin wutar nan da kika rubuta, na dala goma sha tara? Shi ke raba wa kowane ƙarfe wuta a cikin kwamfuta. Irin wannan ko kyauta aka ba ki, ki ce kin gode, ki bar shi a wurin."

Ta harare shi, ya sunkuyar da kai yana murmushi. Sannan ya tambaye ta wane gem take son bugawa, don a san irin ƙarfin da za a nema. Nan fa fuskarta ta canza. Ta daɗe tana murza gefen takardar kafin ta ce, "Ba ni ba ce. Babana ne."

Duk wanda ya zauna a unguwarmu da ke birnin Toledo ya san Leonard Dudek. Ni ƙofar gidana tana kallon tasu, don haka ba labari aka ba ni ba. Shekara talatin da ɗaya mutumin nan yana jan tirela daga wannan gaɓar teku zuwa waccan. Matarsa Bernadette ta rasu, shekara ta zagayo, sai ƙanƙara ta kwashe shi da motar a wata gangara. Ya rayu, amma an yanke ƙafarsa ta hagu daga gwiwa, likitoci kuma suka ce shi da tirela sai dai kallo. Tun daga nan ya kafa kujerarsa mai taya a bakin taga. Ba ya fita, ba ya karɓar baƙi, magana ma sai ta kama dole.

Akwai wani abu da ya fi ƙafar ci masa rai. Lokacin da yake tafiye-tafiye, Bernadette takan ɗauki muryarta tana ba shi labarin gida, ta zuba masa a faya-fayai ya riƙa saurare a hanya. Faya-fayan duk sun ƙone tare da motar. Abin da ya rage kawai shi ne wanda ke cikin faifan ajiya na tsohuwar kwamfutar gidan, kwamfutar kuma ta lalace tuni. Leonard ya ciro faifan ya naɗe a tawul ya ajiye a durowa, ya ce ba mai fita masa da shi ko nan da ƙofar gida.

Corinne ta gaya wa Ramiro duk wannan a tsaye, idonta a kan kanta.

"Na ji akwai gem ɗin da mutum zai zauna da sitiyari ya tuka tirela kamar gaske. Na ce ko zai sa ya juya wa tagar nan baya. In kuma muka sa tsohon faifan a cikin sabuwar, zai sake jin muryar Mama. Shekara uku rabona da in ji dariyar babana."

Ramiro ya jawo kujera ya ajiye mata, ya juya takardarta ta baya, ya zaro biro daga aljihu.

Ya ce, "Zauna. Tirela ba ta buƙatar katin ɗari biyar."

Sun fi awa biyu a kan takardar nan. Ya zaɓa mata ƙwaƙwalwar kwamfuta wadda aka yi yayinta shekara biyu baya, wadda farashinta ya sauka amma ƙarfinta na nan. Ya zaɓi allon da ake dasa ƙwaƙwalwar a kai wanda zai dace da ita, ya nuna mata yadda ake duba ko bakinsu ɗaya, don kar ta sayo abin da ba zai zauna ba. Katin hoto kuwa, mai fito da hoton gem a fuskar kwamfuta, na hannu ya ɗauko mata, wanda shi da kansa ya gwada kwana uku. Ta ga wani gidan kwamfuta mai gilashi da fitilu kala-kala, ta tsaya tana kallo.

"Wancan fa?"

"Fitila ba ta ja mota. Ɗauki baƙin nan mai iska, rarar ki sayi sitiyari da totur."

A kan akwatin wuta ne kawai ya ƙi ragi. Ya ɗauko matsakaici mai nagarta, irin wanda ake cire wayoyinsa a mayar, ya ce ko za ta rage komai ban da wannan. Ta ce shi dai da akwatin wuta kamar wanda aka yi wa wasiyya. Ya ce e, an yi masa.

Da za ta tafi ya rubuta lambarsa a ƙasan takardar, wai ko da tambaya. Tambaya kuwa ta zo tun kafin motar haya ta sauke ta.

"Malam mai akwatin wuta, na manta ban ce na gode ba. Na gode. Corinne."

"Ba komai. Ki gaida Baba. Ki ce masa tirelarsa na hanya."

Ba ta iya sayen kayan a tashi ɗaya ba, sai ɗaya bayan ɗaya, duk ranar da aka biya ta. Shi ya sa zuwa shagon ya zama kowane mako. Ni dai na lura, mai zuwa sayen fanka ba ta buƙatar gyara gashi har sau biyu a gilashin ƙofa. Kafin Kirsimeti ta koma Kori a bakinsa, shi kuma ya koma Miro. Sukan zauna a ɗan gidan shayin da ke kusa da shagon, kofi ɗaya ya kai su awa guda.

Wata rana ya rubuto mata:

"Kori tawa, yau wani ya shigo ya tambaye ni kaya, na miƙa masa abin da bai tambaya ba. Mai shago ya ce ko ba ni da lafiya. Na ce lafiyata ƙalau, tana dai wurin aiki ne sai ƙarfe huɗu."

Ta mayar masa:

"Miro, ka ji tsoron Allah ka riƙe aikinka. Ina tsaka da ba wata tsohuwa magani na yi murmushi, ta ce waye shi. Na ce wani ne mai rowar fitila. Ina kewarka."

Ranar da ya ce mata yana sonta da aure, a tashar mota ne, dusar ƙanƙara na zuba a kafaɗunsu. Ta yi kuka, ta ce ita ma tana sonsa, so na gaske. Amma ta ce masa abu ɗaya.

"Ni kaɗai gare shi, Miro. Ba zan fita daga gidan nan ba sai ya sa min albarka da bakinsa. In bai sa ba, ba inda za ni."

"Ban ce ki fita ba tare da albarkarsa ba. Ki kai ni in gaishe shi."

Gaisuwar ba ta yi daɗi ba. Leonard bai ko juyo daga taga ba sai da Ramiro ya gama gaisuwa cikin ladabi. Sannan ya dube shi sama da ƙasa.

"Me kake yi?"

"Ina haɗa kwamfuta da gyaranta, yallaɓai."

"Wato kayan wasan yara. Namiji da gemunsa. Ka taɓa canza tayar mota a cikin ƙanƙara? Ka taɓa yin aikin da in ka yi kuskure wani zai mutu?"

"A'a, yallaɓai."

"To ka ji. Ba zan ba da 'yata ga mutumin da bai san nauyi ba."

Dama akwai wanda Leonard yake so. Garrett Voss, ɗan mai kamfanin da ya yi wa tuƙi, saurayi mai faɗin kafaɗa da babbar mota, wanda in ya shigo gida muryarsa ke riga shi. Shi kaɗai Leonard ke yarda ya zauna kusa da shi, saboda yana kawo masa labarin direbobi. Ba mugu ba ne can, a ba shi haƙƙinsa. Sai dai irin mutanen nan ne da ba su taɓa ganin abu ba sai sun ce nasu ya fi.

Haka aka yi ta ja har kayan suka cika a watan Fabrairu. Ranar Asabar da safe Ramiro ya zo, suka share teburin kicin, shi da Corinne. Bai taɓa komai ba sai ya nuna mata ta yi da hannunta. Ta sa ƙwaƙwalwar a gurbinta, ta danna katin hoto har ya ce ƙas, ta yi tsalle ta ce ta karya shi, ya ce haka kukan lafiyarsa yake. Leonard yana falo, wai ba ya kallo, amma kujerarsa ta juyo rabi.

Da aka zo kan tsohon faifan, Ramiro ya ce, "Yallaɓai, da za ka bari in kai shi shago in kwafe abin da ke ciki tukuna, hankalina zai fi kwanciya."

"Ba inda za shi. Ka sa shi a nan, a gabana."

Ya sa shi, ya ja siririyar wayarsa zuwa akwatin wuta, ya ɗaure wayoyin tsaf. Corinne ta ɗauko murfin gefe za ta rufe, ya riƙe hannunta da sauri, ya ce masu wannan sana'a ba sa rufe murfi sai ta tashi karon farko, in ka rufe ka yi mata baki. Ta ce ashe su ma da camfinsu. Lokacin aikinta ya yi, suka yi alkawarin gobe bayan coci za a kunna, kowa yana nan. Suka fita tare, aka bar kwamfutar a buɗe a kan tebur.

Da la'asar sai ga Garrett da kwali a hammata. Ya leƙa cikin kwamfutar ya taɓe baki.

"Baba Len, wannan ɗan akwatin wutar ne zai ja maka tirela? Ga nawa na da, ya ninka shi ƙarfi. Mu canza masa, gobe yaron ya zo ya tarar an gyara masa aiki."

Leonard ya dubi sukundireba da ke kan tebur. Shekara biyu rabon da wani ya ce masa zo mu gyara. Kai, zuciya ba ta da ƙashi. Ya turo kujerarsa, ya ce a miƙo masa.

Suka kwance na Ramiro suka ɗaura na Garrett da manyan wayoyinsa. Siririyar wayar faifai ce kawai babu a kwalin. Leonard ya ɗauki wadda Ramiro ya riga ya ja, ya gwada bakinta a sabon akwatin, ta shige daidai kamar don shi aka yi ta.

Ya ce, "Waya ai waya ce. Tunda ta shiga, ta yi."

Abin da ba su sani ba, wanda duk mai haɗa kwamfuta ya sani, shi ne ba a haɗa wayar wani akwatin wuta da wani. Bakin na iya zama ɗaya, amma a ciki kowane da hanyar da yake aika wutarsa. Garrett ya danna maɓalli. Aka ji ɗas, wani siririn hayaƙi ya taso daga tsohon faifan, ƙauri ya cika kicin.

Leonard ya kafe faifan da ido. Garrett ne ya fara dawowa hayyacinsa.

"Mu mayar da nasa yadda yake. Ba wanda ya gani. Gobe in sun kunna, ai kayansa ne."

Leonard ya bari aka mayar, aka buɗe taga ƙaurin ya fita.

Washegari bayan coci aka taru, har da Garrett. Ramiro ya sunkuya zai duba wayoyi kafin a kunna, sai ya tsaya. Shi ya ɗaura akwatin wutar fankarsa na kallon ƙasa, yanzu tana kallon sama. Ƙusa huɗu ya sa, yanzu uku ne. Ya kai hanci kusa da faifan, ya ji abin da ya ji. Ya ɗago a hankali ya dubi Leonard. Tsohon ya kau da kai ya mayar taga.

Corinne ba ta lura da komai ba. Ta danna maɓalli, fanka ta juya, allo ya kawo haske, ta yi ihu ta rungume wuyan babanta. Sannan ta ce, "Miro, buɗe na Mama."

Ya nema, babu. Kwamfutar ba ta ma san akwai wani faifai a cikinta ba. Ya ciro shi ya juya, ga baƙin tabon ƙuna a bayansa.

Garrett ya girgiza kai. "Araha ba ta ado. Ni dai tun da na ga akwatin nan na san za a rina."

Corinne ta dubi faifan, ta dubi Ramiro. Muryarta ta yi ƙasa sosai.

"Ka ce min in rage komai ban da akwatin wuta. Ka ce mai kyau ne."

"Mai kyau ne."

"To me ya ƙona muryar uwata?"

Ya buɗe baki. Kalma uku ta ishe shi ya wanke kansa. Ya sake duban tsohon, ya ga yadda ya ƙanƙame hannun kujera har jijiyoyinsa sun fito, ya ga yarinyar da hannunta ke kan kafaɗar uban har yanzu. Sai ya haɗiye maganar.

"Laifina ne, Kori. Da na nace sai an kwafe shi kafin a haɗa. Ban nace ba."

"Fita," in ji ta. "Don Allah ka fita."

Ya roƙi a ba shi faifan ya gwada abin da zai iya. Leonard, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Ɗauka. Me ya rage a ciki?"

Mako uku suka wuce, kuma ban taɓa ganin gidan nan ya yi duhu irin na lokacin ba. An rufe kwamfutar da zane, sitiyarin na cikin kwalinsa. Garrett ya riƙa zuwa da furanni, har ya fara maganar zobe. Leonard kuwa ya daina cin abinci sai ɗan tsakure. Corinne ta ɗauka baƙin cikin muryar ne. Ba ta san mutum na iya ramewa da abin da ya ƙi faɗa ba.

Sau ɗaya Ramiro ya rubuto:

"Kori, ban ce ki yafe min ba. Ina dai so ki san ina aiki a kansa kullum. Ki kula da Baba, ki kula da kanki. Ina sonki yadda na gaya miki a tasha, ba abin da ya ragu."

Ta karanta ya fi sau ashirin, ta nuna min tana kuka a kicin ɗina. Amsar da ta tura gajera ce:

"Na yarda da kai fiye da kowa, shi ya sa abin ya fi zafi. Ka bar ni tukuna."

Ranar wata Laraba da rana, Corinne tana wurin aiki, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Leonard ya turo kujerarsa ya buɗe. Ramiro ne, ya rame shi ma, da faifan a hannu ɗaya da ɗan filashi na ajiyar bayanai a ɗayan.

"Yallaɓai, ga saƙonnin muryar Mama. Guda ɗari biyu da goma sha ɗaya, ba wanda ya ɓata. Na kwafa a wuri uku. Ban saurara ba, sai daƙiƙa biyu na farko don in tabbatar."

Leonard ya karɓi filashin kamar mai karɓar jariri. Da ƙyar ya ce, "Yaya aka yi?"

"Akwai wani ɗan ƙaramin abu a bayan faifan, bai kai ƙwayar shinkafa ba. In wuta ta zo ta hanyar da ba tata ba, shi yake ƙonewa don sauran su tsira. Shi da wasu biyu ne suka ƙone. Neman irinsu ne ya ɗauke ni lokaci."

Ya juya zai tafi. Tsohon ya ce, "Tsaya. Ka san abin da ya faru."

"Na sani, yallaɓai."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a kunna."

"To me ya hana ka faɗa? Ta kore ka kamar kare, kana tsaye da gaskiyarka a baki."

Ramiro ya dubi ƙasa. "Ta riga ta rasa uwa. Kai kaɗai ka rage mata da take gani ba ya kuskure. Ni in ta tsane ni zan iya ɗauka. Kai ban sani ba ko za ka iya."

Leonard ya rufe fuska da tafin hannu. Mutumin da bai yi kuka ba ranar da aka yanke masa ƙafa, ranar nan na jiyo shi daga tsallaken titi. Da ya lafa ya ce, "Shigo, ɗana. Ka kunna min ita. Kuma ba inda za ka sai ta dawo."

Ƙarfe huɗu da rabi Corinne ta sa makulli a ƙofa, sai ta sandare. Daga falo wata murya ke fitowa, mai ɗan kaushi, mai dariya a ciki.

"Len, ka tsaya ka ci abinci, kar ka ce min kofi ya ishe ka. Famfon kicin ya sake ɗiga, na sa masa kwano, yana jiranka. Kori ta ci jarrabawa, tana ta yi min iyayi. Ka tuka a hankali, ka ji? Muna nan."

Jakarta ta faɗi. Ta shigo da gudu ta zube a gaban kwamfutar tana cewa Mama, Mama. Sai da muryar ta ƙare sannan ta ga Ramiro tsaye a jikin bango. Kafin ta yi magana babanta ya riƙo hannunta.

"Ki saurare ni, 'yar albarka, kar ki katse ni. Ni na ƙona faifan nan. Ni da Garrett muka canza akwatin wuta bayan fitarku, na sa wayar da ba tasa ba. Muka mayar, muka yi shiru. Yaron nan ya gane tun a ranar. Mu biyu mun yi shiru don mu tsira, shi ya yi shiru don kar ki raina ni. Na ce bai san nauyi ba. Mako uku yana ɗauke da nawa."

Corinne ta daɗe tana kallon babanta, hawaye na zuba. Ta ce, "Baba, me ya sa?"

"So na yi in ga ko hannuna na da sauran amfani. Daga baya kuma kunya ta hana ni. Ki yafe min."

Ta kifa kai a cinyarsa, suka yi kukansu tare. Sannan ta miƙe ta nufi Ramiro, ta kai masa duka a ƙirji, ba da wasa ba.

"Kai kuma! Ka bar ni ina tsanarka ina mutuwa a tsaye. Kar ka sake ɓoye min gaskiya, ko don wa."

"Ba zan sake ba, Kori tawa."

"Ka rantse."

"Na rantse."

Sai ta faɗa jikinsa. Leonard ya share ido da bayan hannu ya ce su zo gabansa. Ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kansa, ya ce ya ba shi ita, Allah ya yi musu albarka. Da Garrett ya bugo waya da yamma, tsohon da kansa ya ɗauka, ya ce masa ya gode da zumunci amma maganar zobe a bar ta, kuma ya zo ya kwashi kwalinsa.

An ɗaura aure a watan Yuni, a cocin unguwa. Mahaifiyar Ramiro da ƙannenta suka kwana biyu suna girki, mu kuma matan layinmu muka yi namu, har aka rasa inda za a ajiye tukwane. Abin da ba mu sani ba shi ne tun watan Maris Leonard yake zuwa asibiti koyon tafiya da ƙafar roba, Ramiro ke kai shi a ɓoye duk Talata.

Da aka buɗe ƙofar coci, muka juya muna jiran ganin kujera mai taya. Sai muka ga mutum a tsaye cikin baƙar kwat, 'yarsa riƙe da damtsensa. Ya taho taku ɗaya-ɗaya, gumi na bin goshinsa. A tsakiyar hanya ya tsaya yana haki, Corinne ta raɗa masa ko a kawo kujerar. Ya girgiza kai, ya ja numfashi, ya ci gaba.

Da suka iso gaban fada, wato limamin cocin, ya kama hannun 'yarsa ya sa a cikin na Ramiro, ya haɗa ya riƙe da nasa biyu. Har bencin ƙarshe an ji muryarsa.

"Ga ta nan, ɗana. Ba ni da wata. Ka rufa mata asiri yadda ka rufa min."

Ramiro ya gyaɗa kai, hawaye na sauka a kan hannuwan nan huɗu. Mu kuwa muka ce amin da ƙarfi, tun kafin fada ya buɗe littafinsa. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya kuma ja da ran tsohon ya ga jikokinsa.